Tarihin Sam Cooke, Ɗan Fasto Mai Zaƙin Murya

A wannan mako za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka domin mu duba rayuwar wani mawaƙi wanda ya rasu tun shekarar 1964, amma har yanzu ana jin muryarsa. Dattawan da suka yi zamani da garmaho da kaset suna tunawa da shi, matasa kuma sukan tura wa juna tsofaffin waƙoƙinsa ta wayar hannu, suna gardama a kan wadda ta fi daɗi. Sunansa Sam Cooke. Masu tarihin kiɗa suna lissafta shi cikin waɗanda suka kafa irin waƙar da ake kira sol, kalmar da a Turanci take nufin rai. Wani zai tambaya, me ya kawo mawaƙin duniya cikin shafin ikilisiya? Dalili shi ne, a majami'a aka raini muryar nan, kuma abin da ya same shi bayan ya fita da ita ya shafi kowace ikilisiya da take da yaro ko yarinya mai baiwa a cikin ƙungiyar mawaƙa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Samuel Cook ran 22 ga Janairu, 1931, a garin Clarksdale na jihar Misisipi, a kudancin Amurka. Shi ne na 5 cikin 'ya'ya 8. Mahaifinsa, Rabaran Charles Cook, mai wa'azi ne a wata ɗarika ta baƙaƙen fata wadda ta ɗauki koyarwar zaman tsarki da muhimmanci ƙwarai. Wannan yanki ƙasar auduga ce. Yawancin baƙaƙen da suke zaune a can jikokin bayi ne, suna noma gonakin fararen fata a raba amfani, bashi kuwa ba ya ƙarewa daga shekara zuwa shekara. Doka ta raba makarantu, da asibitoci, da masaukan baƙi, har da famfon shan ruwa, na farare dabam, na baƙaƙe dabam.

A shekarar 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Rabaran Cook ya kwashe iyalinsa zuwa birnin Shikago a arewa, kamar yadda dubban iyalai suka yi a zamanin. A can ya sami ikilisiyar da yake kiwo. Ya haɗa 'ya'yansa suka zama ƙaramar ƙungiyar mawaƙa, su ne suke buɗe taro da waƙa kafin ya tashi wa'azi, a gida da wuraren da aka gayyace shi taron farkawa. Sam yana da kamar shekara 6 ya shiga cikinsu. Ya yi sakandare a makarantar Wendell Phillips, kuma tun yana can ya zama mai ba da waƙa a wata ƙungiyar samari masu waƙoƙin bishara mai suna Highway QC's.

Ya kamata mu fahimci irin waƙar da ya tashi a cikinta. Maza huɗu ko biyar ne suke tsayawa, sau da yawa ba ganga ba molo, mutum ɗaya yana bayarwa sauran suna amshi, kamar yadda muke yi a Zumuntar Mata ko a taron Sabon Rai. Mai bayarwa yakan soma a hankali, yana ba da labari daga Littafi Mai Tsarki, sa'an nan ya yi ta ɗaga murya yana maimaita kalma ɗaya, jama'a suna amsawa, har majami'a ta ɗauka gaba ɗaya. Wannan ita ce makarantar Sam Cooke ta gaskiya.

Shekarun waƙar bishara

A ƙarshen 1950 ƙungiyar Soul Stirrers, wadda ta samo asali a jihar Teksas ta kuma zauna a Shikago, ta rasa babban mai ba ta waƙa, R. H. Harris, da ya ajiye aiki. Ƙungiyar nan tana cikin mafi girma a waƙar bishara ta wannan zamani, Harris kuwa shi ne wanda samarin mawaƙa suke kwaikwayo. Aka kira Sam, yaro ɗan shekara 19, ya maye gurbinsa. Da farko manya sun yi shakka, gama muryarsa mai laushi ce, ba ta da tsawar da aka saba. Amma a 1951 suka naɗi faifai a kamfanin Specialty da ke Los Anjelas, a ciki akwai waƙar "Jesus Gave Me Water", wadda take ba da labarin Basamariyar nan a bakin rijiya, kamar yadda yake a Yahaya sura 4. Faifan ya yi kasuwa sosai, shakka ta kau.

Shekara 6 ya yi yana yawo da su cikin mota, daga gari zuwa gari, suna waƙa a majami'u da manyan ɗakunan taro. Yana da wata irin karkaɗa murya da yakan yi a tsakiyar kalma, wadda ta zama shaidarsa, kuma yana furta kalmomi sarai yadda kowa zai ji saƙon. Shi ma yana tsara waƙa. A 1956 ya yi "Touch the Hem of His Garment", a kan matar nan mai zubar jini shekara 12 wadda ta taɓa gefen rigar Yesu ta warke, labarin da yake a Matiyu sura 9. Mutumin da ya shirya faifan ya ba da labari cewa a cikin mota, a kan hanyarsu ta zuwa ɗakin ɗaukar murya, Sam ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya tsara ta.

Amma akwai abin da za mu faɗa a nan, domin gaskiya. Tun a shekarun nan, matasa, musamman 'yan mata, sun soma cika kujerun gaba domin su ga mawaƙin, ba domin wa'azi ba. Tun yana cikin waƙar bishara ya haifi 'ya'ya da mata dabam-dabam ba tare da aure ba. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ƙetarewa zuwa waƙar duniya

A tsakiyar shekarun 1950 wani sabon kiɗa mai suna rok ya mamaye Amurka, kuma da yawa cikin masu yin sa, irin su Little Richard da Elvis Presley, a majami'a suka koyi waƙa. Ray Charles ya riga ya ɗauki karin waƙar ibada ya sa masa kalmomin soyayya, abin da ya ɓata wa masu bi da yawa rai. Kuɗin da ake samu a wannan kasuwa ya ninka na waƙar bishara nesa ba kusa ba. Amma a wancan lokaci ƙa'idar ikilisiyoyin baƙaƙe a fili take: ko ka yi wa Ubangiji waƙa, ko ka yi wa duniya, ba a haɗa biyu.

Sam ya fara gwadawa a ɓoye. A ƙarshen 1956 ya ɗauki karin wata waƙar bishara ya mai da ita ta soyayya, aka fitar da ita da sunan Dale Cook domin kada a gane shi. Dabarar ba ta ci ba, gama duk wanda ya san muryarsa ya gane ta nan da nan. Ya je wurin mahaifinsa neman shawara. Rabaran Cook bai hana shi ba. Ra'ayinsa shi ne Allah ne ya ba ɗansa muryar domin ya faranta wa mutane rai, saboda haka ya sa masa albarka.

A 1957 ya bar Soul Stirrers, ya kuma rabu da kamfanin Specialty bayan saɓani da mai kamfanin, Art Rupe, a kan irin kiɗan da za a yi. Ya ƙara harafin "e" a ƙarshen sunansa, alamar sabon farawa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Keen ya fitar da waƙarsa "You Send Me", ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, a wurin baƙaƙe da farare duka, aka sayar da faifai fiye da miliyan 1. A 1960 ya koma babban kamfanin RCA. Daga 1957 zuwa rasuwarsa, waƙoƙinsa kusan 30 suka shiga cikin 40 na farko a jerin mujallar Billboard, kuma yawancin manyan cikinsu shi ya tsara su da kansa. Wanda ya saurare su da kyau zai ji majami'a a ciki, bayarwa da amshi suna nan, kalmomin ne kawai suka sake. Haɗuwar nan ta karin ibada da zancen duniya ita ce aka kira sol.

Mawaƙi mai sanin ciniki

A zamanin, mawaƙa baƙaƙe da yawa sun mutu da talauci, alhali kamfanoni sun yi arziki da muryarsu, domin sun sa hannu a takardun da ba su karanta ba. Sam mai son karatu ne, ya kuwa lura cewa babban kuɗi yana wurin wanda ya mallaki waƙa. Shi da abokinsa J. W. Alexander, wanda shi ma mawaƙin bishara ne, suka riƙe kamfanin kula da haƙƙin waƙoƙi mai suna Kags, sa'an nan tare da S. R. Crain na Soul Stirrers suka kafa kamfanin faifai mai suna SAR. Abin lura shi ne, tsofaffin abokansa na Soul Stirrers ne farkon waɗanda ya ɗauka a sabon kamfanin, ya ci gaba da tsara musu waƙoƙin ibada.

Ya kuma ɗauki waɗansu 'yan'uwa 'ya'yan gidan Womack, waɗanda su ma a majami'a suka taso, ya sa musu suna Valentinos. A 1964 wata ƙungiyar samarin Ingila, Rolling Stones, ta sake rera waƙarsu "It's All Over Now", ta zama waƙarta ta farko da ta kai lamba 1 a Ingila. Ta irin wannan hanya karin majami'un Shikago ya shiga cikin kiɗan rok na Turawa. Duk da wayonsa, yarjejeniyar da ya ƙulla a 1963 ta hannun manajansa Allen Klein ta sa a ƙarshe mallakar yawancin aikinsa ta koma hannun kamfanin Klein.

Wariya da baƙin ciki

Suna da kuɗi ba su fid da shi daga dokar wariya ba. In ya je kudu yin wasa, farare sukan biya kuɗi su ji shi, amma ba zai kwana a masaukinsu ba. A 1961 ya ƙi hawa dandali a birnin Memfis domin an ware wa baƙaƙe wurin zama dabam. Ran 8 ga Oktoba, 1963, a garin Shreveport na jihar Luwiziyana, wani masaukin baƙi ya hana shi ɗakin da ya riga ya kama ta wayar tarho, da suka ga baƙi ne. Ya ɗaga murya ya ƙi yarda, 'yan sanda suka kama shi da laifin ta da hankalin jama'a.

A gida ma wahala ba ta ƙyale shi ba. A 1958 ya yi haɗarin mota a jihar Arkansas, direbansa ya mutu, abokinsa mawaƙi Lou Rawls ya ji mummunan rauni. A 1959 matarsa ta fari, wadda suka riga suka rabu, ta mutu a wani haɗarin mota. A watan Yuni na 1963 ƙaramin ɗansa, mai wata 18, ya faɗa tafkin wanka na gidansu a Los Anjelas ya mutu. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa daga nan ya sake. Zaman aurensa ya yi tsami, ya ƙara shan giya, ya jefa kansa cikin aiki ba hutawa.

A cikin wannan hali ne ya tsara waƙar da aka fi tunawa da shi saboda ita. Ya ji wata waƙa ta Bob Dylan, saurayi farar fata, wadda ta taɓa zancen zalunci, sai ya ga bai kamata shi da abin ya shafa ya yi shiru ba. Ran 30 ga Janairu, 1964, ya naɗi "A Change Is Gonna Come", waƙar mutumin da ya daɗe yana shan wuya amma yana sa zuciya cewa sauyi yana tafe. Wata guda bayan haka, ran 25 ga Fabrairu, yana birnin Mayami sa'ad da abokinsa Cassius Clay, wanda daga baya ya zama Muhammad Ali, ya buge Sonny Liston ya zama zakaran damben duniya, suka kuma yi hirar daren nan tare da Malcolm X. Ran 2 ga Yuli na shekarar, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a masaukai da sauran wuraren jama'a.

Mutuwarsa

Da daren 10 ga Disamba, 1964, Sam ya ci abinci ya kuma sha a wani gidan abinci a Los Anjelas, ya fita da wata budurwa zuwa wani masauki mai arha a kudancin birnin. Bisa ga abin da aka faɗa a gaban masu bincike, budurwar ta ce ba da sonta ya kai ta can ba, ta sami zarafi ta gudu da yawancin tufafinsa. Ya fito a fusace, ya kutsa ofishin matar da take kula da masaukin yana neman yarinyar, suka yi kokawa, matar ta harbe shi da bindiga. Ya mutu kafin gari ya waye ran 11 ga Disamba, yana da shekara 33. Masu binciken musabbabin mutuwa suka yanke cewa matar kare kanta ta yi. Danginsa da abokansa da yawa ba su taɓa yarda da wannan bayani ba, suna ganin an yi binciken da gaggawa, amma hukuncin bai sake ba.

An yi masa sujadar jana'iza sau biyu, a majami'un Baptis, ɗaya a Shikago inda dubban mutane suka yi layi cikin sanyi domin su ga gawarsa, ɗaya a Los Anjelas inda Ray Charles ya yi waƙar ibada. An binne shi a Glendale ta jihar Kalifoniya. Kwana 11 bayan mutuwarsa aka fitar da waƙar nan ta sa zuciya a ƙaramin faifai, masu fafutukar 'yancin baƙaƙe suka rungume ta. Otis Redding ya sake rera ta a 1965, Aretha Franklin, wadda ita ma 'yar fasto ce, ta rera ta a 1967. A 1986 aka sa sunansa cikin rukunin farko na gwanayen da gidan tarihin kiɗan rok ya karrama, a 1989 kuma aka karrama Soul Stirrers. A 2019 magajin garin Shreveport ya roƙi gafarar iyalinsa a bainar jama'a saboda abin da aka yi masa a 1963.

Abin da za mu ɗauka

Hanya mafi sauƙi ita ce mu ce ya bar waƙar Allah, shi ya sa ƙarshensa ya zama haka. Masu bi da yawa sun faɗi haka a lokacin. Amma tarihinsa bai goyi bayan wannan gajeren hukunci ba. Mun riga mun ga cewa rauninsa wajen mata ya soma ne tun yana tsaye a gaban bagade yana sa jama'a kuka da waƙar bishara. Ikilisiyoyi sun ji daɗin muryar, an tara baiko, an yi ta gayyatarsa, yaron da yake ɗauke da muryar kuwa yana kwana a hanya wata da watanni nesa da gida da makiyayi. Dawuda ma gwanin garaya ne, kiɗansa ya kwantar wa Saul da hankali a 1 Sama'ila sura 16, amma gwanintar ba ta tsare shi ba a 2 Sama'ila sura 11. Abin da ya cece shi shi ne akwai annabi Natan wanda ya iya zuwa ya gaya masa gaskiya. Sai mu tambayi kanmu: yaron nan da yake riƙe mana makirfo kowace Lahadi, wane dattijo ne ya san inda yake kwana, da abin da yake ci, da waɗanda yake yawo da su? In ya daina zuwa ajin koyarwa amma yana zuwa gwajin waƙa, wa yake lura?

Na biyu, zancen abinci. Mawaƙanmu da masu kaɗa mana jita da ganga sau da yawa ba su da aikin yi, mukan sallame su da godiya kawai, sa'an nan mu yi mamaki in muka ji sun koma kiɗa a otal. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a 1 Korantiyawa sura 9 a kan haƙƙin mai hidima. Ikilisiyar da ba ta iya biyan albashi tana iya biya wa yaro kuɗin makaranta ko ta sa shi koyon sana'a. Matasan da suke naɗar waƙoƙinsu kuma su koyi darasi daga Sam, su karanta takarda kafin su sa hannu, su nemi wanda ya san doka ya duba musu, gama shi da yake da wayon ciniki ma an fi shi.

Na uku, yadda muke yi da wanda ya fita. Sam bai yanke zumunci da abokansa na bishara ba, mahaifinsa kuma bai rufe masa ƙofa ba. Ba dole ne mu yarda da kowace shawara ta Rabaran Cook ba, masu bi na kirki sun sha bamban a kanta. Amma uban da yake cikin misalin ɗan nan da ya ɓace, a Luka sura 15, ya hango ɗansa tun daga nesa ne domin idonsa yana kan hanya. Waƙar da ta fi kowace nauyi a rayuwar Sam, wadda ta ƙarfafa masu neman adalci, daga rijiyar majami'a ya ɗebo ta shekara 7 bayan fitarsa. Abin da aka shuka a zuciyar yaro a makarantar Lahadi ba ya saurin mutuwa, saboda haka kada malamai su karai.

Shari'ar ransa tana hannun Allah, ba a hannunmu ba. Namu shi ne abin da Hausawa suka ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Muna roƙon dattawan ikilisiya da shugabannin mawaƙa su zauna da matasansu a cikin wannan wata, su tambaye su halin da suke ciki, su yi addu'a tare da su ɗaya-ɗaya. Ubangiji ya tsare masu yi mana waƙa, ya ba mu hikimar kiwonsu. Amin.